Gani ya kori ji: kan masu canza kondo don sauti ya yi zaƙi

Duk wanda gidansa ke kusa da fadar samari a Maraɗi ko Damagaram ya san ba shayi kaɗai ke tara su ba. Akwai ampili, akwai bafil, akwai kuma gardamar na wa ya fi fitar da murya. Wannan tsohon abu ne, mu ma mun yi shi zamanin kaset. Sabon abin shi ne wata magana da ta shigo ta cikin salula, ta bidiyoyin Turawa da mutanen Asiya, har ta zama kirari a bakin yaranmu: "Na canza mashi kondo, yanzu sautin ya buɗe." Wani ya ce ya yi ɗumi, wani ya ce ya yi zaƙi, wani ya ce kamar an yaye ma kiɗan mayafi. Sai ka ga yaro ya buɗe na'ura lafiyayya, ya tsige mata kayan da ke aiki sarai, ya liƙa wasu masu rubutun zinari da ya sayo da tsada.

Ina son yaron da ke buɗe radiyo. Ya fi mini wanda bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba sau dubu. Faɗana da aƙidar da ake cusa mashi ne, wadda ke cewa kunne shi kaɗai ne alƙali, kuma duk abin da mutum ya ji bayan ya kashe kuɗinsa gaskiya ne. Wannan aƙida ƙarya ce, tana cin kuɗi, tana kashe na'urori, kuma tana koya ma yaro wani irin tunani da mu malamai ke ɓata shekaru muna ƙoƙarin cire mashi.

Ga uwayen da ba su taɓa leƙa cikin radiyo ba, kondo shi ne abin da littafin lakwal ke kira kondansater, masu gyara na wajen Katsina da Kano kuma su ce kafasito. Wasu kamar ƴan gwangwanaye suke, a tsaye bisa faranti, wasu kamar ƙwayar wake. Ciki ba wani asiri: fallayen ƙarfe biyu ne sirara da aka raba da abin da ba ya barin kuran ya ƙetare, aka nannaɗe su kamar tabarma. Yana ɗaukar caji, ya riƙe, ya saki. Tun 1745 da 1746 aka gano shi a Turai, da kwalbar gilashi, ita ce ake kira kwalbar Leyden. Ana auna girmansa da farad, sunan da aka ɗauko daga Michael Faraday, amma na cikin radiyo da mikrofarad ake lissafinsu.

Aikinsa na farko a cikin ampili irin na randa ne. Kuran namu yana kai da komo sau 50 a sakan, bayan an miƙar da shi kuma sai ya riƙa zuwa guntu-guntu sau 100 a sakan. Babban kondo yana karɓar wannan kamar yadda randa ke karɓar garwar ɗan ga-ruwa: shi yana juyewa lokaci-lokaci, mutanen gida kuma suna ɗiba a natse duk sa'ad da suka so. Wasu ƙananan kuma masu gadin ƙofa ne tsakanin ɓangarorin na'ura, su bar sauti ya wuce, su tare tsayayyen kuran. A cikin bafil kuma akwai wanda ke tsare ɗan ƙaramin lasifika, ya hana mashi kaurin murya, ya bar mashi siririyar.

To, kondo na mutuwa, kuma a ƙasarmu yana mutuwa da wuri. Irin mai gwangwani, cikinsa akwai takarda jiƙaƙƙiya da ruwan sinadari, kuma zafi na busar da ruwan nan a hankali. Ku duba jikinsa za ku ga an rubuta 85 ko 105, wato iyakar zafin da aka yi shi ya jure. Kamfanoni suna ba da alkawarin awa dubu ɗaya, dubu biyu ko fiye a wannan zafin, kuma ƙa'idar da masu aikin lantarki suka sani ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka kwanansa biyu. Mu lissafa tare. A ce cikin ampili ya kai digiri 65, abin da ba mamaki ba ne a watan Afrilu, a ɗakin kwano, ƙurar hunturu ta toshe kafofin shan iska. Kondo mai 85 da aka ba awa 2000 zai kai wajen awa 8000, bai cika shekara guda ta aiki dare da rana ba. Mai 105 mai awa 2000 zai kai 32000. Ga bambanci na gaske, a rubuce a jikin gwangwani, kuma ban cika jin samarin fada suna gardama a kansa ba. Duniya ma ta taɓa ganin annobar wannan abu: daga 1999 zuwa wajen 2007 an cika kasuwa da kondo masu gurɓataccen ruwa, suka riƙa kumbura suna fashewa cikin kwamfutoci da talabijin ba adadi.

Idan randar nan ta bushe, ampili zai fara gurnani ko ba a sa komi ba, bas ya raunana, murya ta riƙa shaƙewa in an ƙara bolim. Mai gyara ya cire ya sa sabo, sauti ya dawo. Wannan gyara ne, halas ne, wajibi ne ma. A nan ne kuma yaudarar ke ɓuya. Yaro ya cire busasshen kondo mai shekara goma sha biyar, ya sa mai rubutun zinari, ya ji na'ura ta farfaɗo, sai ya ce zinarin ne. Alhali da ya sa kowane sabon kondo na kirki mai wannan girma, na dala ashirin ko hamsin, haka za ta farfaɗo. Wanda ƙishirwa ta galabaita, ko a ƙwarya aka ba shi ruwa ko a kofin tangaran zai miƙe. Mai kofin ne kawai ke son a ce kofinsa ne.

Wannan ɗabi'a ba a nan aka haife ta ba. Ta masu sha'awar kayan sauti ce a Amurka, Japan da Turai, mutanen da suka riga suka mallaki kayan miliyoyi, suna zaune cikin ɗakuna shiru masu kafet da labule, suna neman abin da ya rage su taɓa. A 1980 wasu injiniyoyi biyu, Walt Jung da Richard Marsh, suka buga maƙala kashi biyu a mujallar Audio ta Amurka kan yadda ake zaɓen kondo, suka nuna cewa ire-irensa ba su zama ɗaya ba. Maganarsu na da tushe, amma ƴan kasuwa suka ɗauke ta suka gudu. Aka fito da kondo "na kiɗa". Kamfanin Elna na Japan ya sa zaren siliki cikin takardar nasa. Wasu kamfanonin Jamus da Danmak suna yin na azurfa, na jan ƙarfe, har da mai ɗigon zinari, a jiƙa cikin mai, guda ɗaya ya fi albashin wani malamin. Akwai wani mai suna Black Gate da aka daina yi wajen 2006, tun daga nan ya zama kamar kayan tarihi, ana cinikin tsofaffinsa da tsadar hauka.

An auna kuwa? An auna. Wani injiniya ɗan Ingila, Cyril Bateman, wanda ya yi aiki a masana'antar kondo, ya haɗa na'urar da ke iya gano gurɓatar sauti har wajen kashi ɗaya cikin miliyan, ya buga sakamakonsa a mujallar Electronics World a 2002 da 2003. Masu aƙidar suna son ambatonsa, don ya tabbatar akwai bambanci. Sai dai ba su cika ƙarasa labarin ba. Wasu nau'o'in yumɓu lalle ba su dace da hanyar sauti ba, amma wani nau'in na yumɓu mai araha, wanda ake ma alama C0G, yana cikin mafi tsabta da ya gwada, tare da na roba na yau da kullum. Tsada ba ta bi sahun inganci ba. Wani ɗan ƙasarsu, Douglas Self, wanda ya rubuta littattafai kan ƙera ampili, ya nuna cewa mai gwangwani yana gurɓata sauti ne idan an sa shi ƙarami har sautin ya riƙa tokare a kansa. A ba shi isasshen girma, gurɓatar ta nutse har na'urar awo ta yi wahalar ganinta. Ke nan maganin lissafi ne, kuma lissafi kyauta ne.

Yanzu mu dawo fada mu duba inda wannan ɗan bambanci zai bi kafin ya kai kunne. Waƙar da ake ji mp3 ce, an tura ta daga salula zuwa salula. Mp3 mai lamba 128 kashi ɗaya ne cikin goma sha ɗaya na bayanan da ke kan faifan CD, sauran an zubar tun kafin ta iso. Bolim yana ƙure, inda ampili ke yanke kawunan sauti yana gurɓata shi da kashi da yawa cikin ɗari. Shi kansa lasifikan, in an matsa mashi, gurɓatarsa na kai kashi 1 cikin 100 ko fiye. Akwatin katako ne da kafinta ya haɗa da ido, yana kaɗawa. Sama kwano, gefe injin wuta na ruri, ƴan kabu-kabu na wucewa. A cikin wannan kasuwa ne wani zai ce mini ya tsinkayi bambancin da ake lissafawa da kashi cikin dubu ɗari? An bar jaki ana dukan taiki. Ɗaga bafil daga ƙasa, ko janye shi daga lungun bango da taki biyu, ya fi canza sauti nesa ba kusa ba, kuma ba a biyan ko dala.

Ban ce canjin kondo ba ya taɓa canza sauti ba. Yana canzawa ƙwarai idan girman ya canza, kuma ɗan lise na iya lissafa yadda zai canza kafin a kunna. Ƙa'idar ita ce f = 1/(2πRC). Kondo mai mikrofarad 10 da ke gadin ƙofa mai om 10000 yana fara rage sauti ne a ƙasa da 1,6 Hz, alhali kunnen ɗan Adam daga wajen 20 Hz yake farawa. Ba ruwansa da abin da muke ji. A sa mai 0,1 a wurin, iyakar ta hau 159 Hz, bas ya zube, kowa zai ji. A cikin bafil abin ya fi fitowa fili. Ƙaramin lasifika mai om 8 da kondo mai 4,7 yana karɓar aiki daga wajen 4200 Hz. A sa mai 3,3, sai daga wajen 6000. Kuma masu gwangwani yawanci an yarda su kauce ma lambar da ke jikinsu da kashi 20 cikin 100, sama ko ƙasa. Don haka yaro na iya cire mai 4,7 ya sa wani mai 4,7, ya ji canji na gaske, saboda tsohon a haƙiƙa 5,5 ne, sabon kuma 4,4. Ruwa ba ya tsami banza. Amma dalilin lamba ce, siliki bai san ana yi ba. Ko canjin gyara ne ko ɓarna, wannan ma wata tambaya ce da ba wanda ya yi.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta: "Mushe, kai da lissafinka, ni da kunnena. Na ji da kaina." Ban ce ƙarya yake yi ba. Ya ji. Tambayar ita ce daga ina abin da ya ji ya fito.

Kunne ba ma'auni ba ne irin na ƴan tireda. Abu na farko, ba ya ajiya. Ainihin kamannin sauti sakan kaɗan yake zama a ƙwaƙwalwa kafin ya dushe, abin da ke saura ra'ayi ne. Canza kondo kuwa na cin rabin awa ko fiye: a kwance, a narke dalma, a liƙa, a ɗaure. Mutum yana gwada abin da yake ji yanzu da labarin da ya ba kansa game da ɗazu. Na biyu, ƙara na ruɗinsa. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna a Amurka cewa kunne ba ya jin kauri da tsinin sauti sosai idan murya na ƙasa. Ɗan ƙarin bolim da bai kai a lura da shi ba sai ya sa kiɗa ya zama kamar ya fi cika, ya fi haske. Wa ya tabbatar maɓallin yana daidai inda yake kafin a kwance?

Na uku shi ne ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi labari. A wannan fage karin maganar ta zama gaskiya ta wata fuska da ba su nufa ba: abin da ido ya gani yana korar abin da kunne ya ji. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa idan aka sa ma mutum muryar da ke cewa "ba", aka haɗa da hoton leɓɓan da ke cewa "ga", da yawa sai su ji "da". Ka rufe ido, ka ji "ba". Ka buɗe, "da" ta dawo, ko da ka san dabarar. A 1994 kuma Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman da ke ƙera lasifika, suka sa mutane su ba wasu lasifika maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Makin ya sauya. Manya masu kyan gani da tsada sun samu ƙari da ido ya gan su, kuma ƙwararrun masu saurare ba su tsira ba. Lura fa, lasifika ke nan, masu bambanci na gaske da ake iya ji. Ina ga kondo biyu masu girma ɗaya, ɗaya baƙi, ɗaya mai zinari, kuma mai sauraren shi ya biya kuɗin, shi ya ƙona yatsa wajen liƙawa, abokansa na zaune suna jiran ya yi magana? Wane ne zai ce "ban ji komi ba" a gaban fada bayan ya zuba jaka goma?

Har wata dabara suke da ita ta toshe ƙofa. In ka ce ba ka ji bambanci ba, sai a ce kondon bai nuna ba tukuna, sai ya yi awa ɗari yana aiki. In awa ɗari ta wuce ba ka ji ba, kunnenka ne bai waye ba, ko sauran kayanka ne ba su kai ba. Maganar da ba ta da hanyar faɗuwa, ko an ji ko ba a ji ba ita ce da gaskiya, mun san irinta. Ita ce ta mai maganin tasha da ke cewa in ba ka warke ba, ka karya sharaɗi.

Wasu kuma su ce na'urar awo ba ta kama duk abin da kunne ke ji. To, na yarda don a wuce wurin. Mu ajiye na'ura, mu bar kunne ya yi hukunci, amma shi kaɗai, ba tare da ido da aljihu ba. Hanyar sananniya ce, wani injiniya David Clark ya bayyana irinta a 1982, kuma ba ta fi ƙarfin ajin lakwal ba. A samo kondo biyu, mai araha da mai tsada, a auna a tabbatar girmansu ɗaya. A ɗaura su kan maɓallin da ke zaɓen ɗaya daga ciki, a ƙaramar na'ura mai aiki da batir. Mai saurare ya ji wannan ya ji wancan iya son ransa, yana sane. Sannan a ja labule. Yaro ɗaya a baya ya jefa tsabar kuɗi sama, ta faɗa mashi wanda zai kunna, ya rubuta a kaye, bai ce uffan ba. Ba a taɓa bolim. Sau goma. Mai cankar banza yakan samu wajen biyar. Samun tara ko goma da sa'a kawai, damarsa 11 ce cikin 1024. Wanda ya ce bambancin kamar dare da rana ne, goma cikin goma ba za ta gagare shi ba. Ni dai duk wanda na yi ma wannan tayi, sai ya tuna yana da wani uzuri.

Za a ce mini mene ne na zafi, mutum da kuɗinsa da nishaɗinsa. Baturen da ya yi ritaya yana wasa da kayansa, wannan ruwansa. A nan kuɗin na wani ne. Na san wata lakwal da ampilinta na taron safe ke ƙarar-ƙarar duk sa'ad da aka murɗa bolim. Wani tsohon ɗalibi, yaron kirki mai hannu, ya shawo kan kwamitin uwayen yara cewa sai an canza kondo gaba ɗaya da "na asali". Aka fitar da kuɗi daga asusun da ake sayen alli. Ya sayo masu kyan gani, sai dai manyan biyu an rubuta masu bolt 35, wurin kuwa ya haura 40. Ranar rabon sakamako, uwaye sun cika fili, ɗaya ya yi bindiga, hayaƙi ya tashi, darakta ya ƙarasa jawabinsa da maƙogwaro. Mai gyaran da aka kai ma daga baya ya ce ciwon farko ƙura ce a cikin maɓallin bolim, abin da feshi ɗaya ke magani. Garin neman gira aka rasa ido. Yaron bai ci amanar kowa ba. An koya mashi sunayen kamfanoni, ba a koya mashi karanta lambar da ke jikin gwangwani ba.

Ga kuma jabu. Duk abin da sunansa ke da tsada sai an yi na ƙarya, kuma masu gyara a ƙasashe da yawa sun sha yanka babban gwangwani su tarar da ɗan ƙaramin kondo a ɓoye ciki. Rigar roba mai rubutun zinari ba ta da wuyar bugawa. Sau da yawa yaro na cire ingantaccen abin da kamfani ya sa ne, ya maye shi da wanda ba a san asalinsa ba. Ƙarfen liƙi mai zafin tsiya yana ɗaye siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke kan faranti. Masu cewa a ninka girman randa don bas ya ƙaru ba su faɗa mashi cewa duk kunnawa za ta fizgi kuran mai yawa ta wahalar da fis da diyod ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rai. Kondo yana riƙe caji bayan an zare waya daga bango. Na'urorin yanzu da yawa, talabijin, caja, ampili marasa nauyi, suna miƙar da kuran bolt 220 kai tsaye, babban kondonsu yana ɗauke da fiye da bolt 300, kuma yana iya riƙe shi bayan an kashe. Yaro mai gumi a hannu, ƙafa ba takalmi a kan siminti, bai san ana sauke cajin ta rezistansi a kuma auna kafin a taɓa ba. Mai gwangwani yana da ƙafar ƙari da ta ragi, in aka juya su yana fashewa, shi ya sa aka tsaga mashi alama a ka don ya buɗe ta nan, kuma fuskar mai liƙi a daidai nan take. Dalmar liƙi galibi da gubar darma a ciki, ga yaro ya gama ya sa hannu a kwanon tuwo. Bidiyon da ya koya mashi kalmar "ɗumi" bai tsaya kan waɗannan ba, don ba su ke kawo masu kallo ba.

Mu malamai muna da kaso a laifin. Ana koyar da kondansater a lise, a zana layuka biyu a allo, a rubuta ƙa'ida, a yi ta a jarrabawa, yaro ya fita bai taɓa riƙe ɗaya a hannu ba. Sai ya je ya tarar da wani a salula yana riƙe da abin, yana magana da tabbaci, yana murmushi. Wa zai bi? Matattun radiyo sun cika gidajenmu, ko wane mai gyara a kasuwa yana da kwali cike da su. Kondo ɗaya, batir ɗaya, ƙaramin ƙwan fitila, sun isa yaro ya ga caji na shiga yana fita da idonsa. Gwajin labule kuwa ko a firamare ana iya yin irinsa, da ruwan leda na kamfani biyu ko shayi iri biyu, yara su gane da kansu cewa tabbacin da mutum ke ji a ransa daban, abin da zai iya nunawa daban. Wanda ya koyi wannan a kan shayi zai tuna da shi ranar da aka miƙo mashi maganin da ke warkar da cuta arba'in, ko takin da ke ninka gero sau biyar.

Ku kuma uwaye, in ɗanku ya zo neman kuɗin kondo, kada ku kore shi, kada kuma ku miƙa. Ku tambaye shi me ke damun na'urar. In ya ce tana gurnani, ko ya nuna maku gwangwanin da kansa ya kumbura ko ya yi zubar ruwa, ku ba shi, ku ce ya sayo mai girma ɗaya, mai bolt daidai ko sama da na tsohon, mai lamba 105. In ya ce lafiya lau take, so yake ta ƙara zaƙi, ku riƙe kuɗin ku ƙara wasu a kai ku saya mashi miltimetir mai auna kondo, ku kai shi wurin wani tsohon mai gyara ya riƙa zama ranakun da ba lakwal. Ku roƙi mai gyaran, kafin ya bar shi ya taɓa ƙarfen liƙi, ya fara nuna mashi yadda ake sauke cajin babban kondo.